Abin da Ummu Ramzi Ta Karɓa

Ranar da dutse na farko ya faɗo, Ummu Ramzi tana kicin tana tace taliya, rana kuwa ta riga ta sauka bayan dabinan hayin kogi. Magariba ce irin ta kullum a garinmu Rashid. Jiragen kamun kifi sun dawo sun jeru a bakin kogin Nilu, ƙamshin soyayyen kifi yana fita ta kowace taga, mai gyaran keken da ke ƙasan bene yana jan ƙofar shagonsa. Ta ɗaga tukunya ta ce, "Dastur," kamar yadda uwarta ta koya mata, don waɗanda ba a gani su kauce kada ruwan zafi ya ƙona su, sannan ta zuba a magudana.

Sai ta ji ƙwal a falo.

Tsakuwa ce baƙa, sumul, girman ƙwan tattabara, a tsakiyar daɓe. Tagogi duk a rufe suke. Da ta ɗauka ta ji ta a jiƙe, ta kai hanci, sai warin teku. Mu da muka tashi a inda kogi yake shiga teku, ba a ruɗa mana warin wannan da na wancan.

"Nirmin! Ke ce kike kwaso mini duwatsu cikin gida?"

Nirmin 'yarta ce, shekararta goma sha tara, tana koyon aikin jinya. Ta leƙo daga ɗaki da littafi a hannu. "Wane dutse kuma, Mama? Ni da ko bakin ƙofa ban je ba tun la'asar."

Ummu Ramzi ta jefa tsakuwar a aljihun rigarta.

Sunanta na yanka Insaf, amma shekara ashirin da shida ke nan ba wanda ya kira ta da shi. Tun da ta haifi ɗanta na fari ta koma Ummu Ramzi a bakin kowa, har mijinta kafin ya rasu. To Ramzin ne yanzu babu. Makanikin inji ne a wani jirgin kamun kifi. Suka fita ranar wata Talata su goma sha ɗaya, iska ta taso, aka tsamo huɗu, shi ba ya cikinsu. Babu gawa, babu kabarin da za ta je ranar Juma'a ta zauna ta yi kukanta kamar kowace uwa. Allah sarki, kuma kullum ta fita sayen burodi sai an kira ta da sunansa.

Abin da ya bari kaɗan ne: riguna, akwatin sifanu, da wata tsohuwar kwamfuta da ya ɗaure murfinta da tef. Bayan sadakar arba'in Nirmin ta buɗe kwamfutar don ta kwashe hotunansa zuwa wayarta. Tana cikin haka sai shafin wani kantin intanet ya buɗe da kansa, da rubutu a sama: Barka da dawowa, Ramzi. Kayanka suna jiranka a kwando.

Abu ɗaya ne a kwandon. Takalmin mata ne mai taushi, irin na masu kumburin ƙafa, lamba talatin da tara. Ya zaɓa, bai kai ga saye ba. Ummu Ramzi ta dubi takalmin, ta dubi ƙafafunta, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ko ranar da labari ya zo ba ta yi irinsa ba.

Daga ranar, kowace magariba in ta sallame salla sai ta jawo kwamfutar. Ta koyi buɗewa da kanta, ita da ko saƙon waya sai an rubuta mata. Takan bi shafukan da ya saba shiga, na ƙwallo, na hasashen iska, na kayan inji, kuma duk inda ta shiga sai ta ga takalmin nan ya biyo ta, ya tsaya a gefe yana jira. A ranta Ramzi ne yake bin ta da shi ɗaki ɗaki.

Abu ɗaya ne ya dame ta da farko. Kusan kowane shafi sai wani ɗan akwati ya faɗo ya tare mata gani, da dogon rubutu ƙanana da babban madanni kore.

"Nirmin, zo ki ga. Me wannan yake so?"

"Ba komai ba ne, Mama. Cewa yake shafin yana da kukis, ko kin karɓa."

"Mene ne kuma kukis?"

"Turanci ne. Kamar kahk ɗin nan da muke toyawa da ƙaramar salla."

"Ikon Allah! Su ma suna ba baƙo abin taɓawa?"

Nirmin ta yi dariya, dariyarta ta farko tun rasuwar yayanta, kuma don daɗin dariyar ba ta tsaya gyara mata ba. "Danna koren kawai, zai tafi."

A garinmu kuwa ba a miƙa maka abin ci a gidan mutane ka mayar da hannu. Abin kunya ne. Saboda haka duk lokacin da akwatin ya faɗo, Ummu Ramzi takan danna koren, kuma da yake mace ce mai tarbiyya, takan faɗa a fili, "Na karɓa, na gode."

Wata biyar tana haka kafin dutsen nan ya faɗo.

Washegari duwatsu biyu suka faɗo. Jibi ɗaya ya fasa kofin shayi a kan tebur. Kullum daidai lokacin da hasken rana ya mutu a bangon falo, kafin a kunna fitila, sai gidan ya yi tsit, irin shirun da har firiji yake kamar ya daina numfashi, sannan dutse ya faɗo daga inda babu rami. Daga baya aka fara jin fito a matakala, fito yana hawowa bene ɗaya, bene biyu, ya tsaya a bakin ƙofarsu. In an buɗe, babu kowa, sai jiƙa a kan tabarmar goge ƙafa.

A dare na tara da fara jifan suna zaune za su ci abinci, Nirmin ta ajiye cokali. Ta miƙe ƙafafu ta ɗora ɗaya kan ɗaya, ta jingina da kujera har ƙafafun kujerar na gaba suka ɗaga, zaman da uwar ta yi shekaru tana yi wa mutum ɗaya faɗa a kansa. Idanunta a buɗe suke, amma ba ta cikinsu. Sai baki ya buɗe, murya ta fito, muryar namiji mai ɗan kaushi.

"Ranki ya daɗe, Sarauniya. Yau babu shayi ne?"

Mutum ɗaya ne a duniya yake kiranta Sarauniya.

Ya kamata ta yi ihu. Ya kamata ta ruga ta buga ƙofar maƙwabta. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta tashi, ta ɗora buta a wuta, ta zuba sukari cokali uku, ta sa na'ana'a, ta kawo. Ni da nake ba ku labarin nan na ga laifinta, wallahi na gani, amma ban san abin da zan yi ba da ni ce muryar ta kira.

Haka suka yi mako uku. Daga magariba zuwa kiran isha'i muryar takan zo, ta tsokane ta a kan gishirin miya, ta tambayi ƙafarta, ta ba ta labarin injin da ya ƙi tashi. In ladan ya kira isha'i sai Nirmin ta sulale ƙasa kamar rigar da ta zame daga ƙusa, ta farka jikinta sanyi ƙalau, leɓunanta sun tsage da gishiri. Ta daina zuwa makaranta. Zoben azurfar da ke yatsanta ya koma faɗuwa da kansa. Uwar takan lulluɓe ta da bargo, ta dafa mata romon kaza, ta yi kuka a kanta, ta rantse gobe za ta nemi malami. Gobe in rana ta karkata, sai ka gan ta tana wanke kofin shayi tana duban bango.

Maƙwabciyarsu Sitt Kausar ta bene na ɗaya ce ta fasa ƙwan. Ta tarar da Nirmin a zube a matakala da rana tsaka, ta ɗauko ta ita kaɗai, don yarinyar ba ta fi nauyin buhun auduga ba, ta shigo ta dire ta a kujera.

"Ummu Ramzi, ki ji tsoron Allah! Kin ɗauka bango ba ya da kunne? Kullum ina jin muryar namiji a saman kaina, kuma na san muryar, ni na yi miki wankan jegonsa. Teku ta ci miki ɗaya, ke kuma kina miƙa ɗayar da hannunki?"

"Kausar, ɗana ne. Ya dawo."

"Wanda ya tafi can ba ya dawowa shan shayi. Yau ɗin nan zan kawo Shaihu Abdulmaujud, ki so ko ki ƙi."

Shaihu Abdulmaujud tsoho ne siriri mai tabarau mai kauri. Shekara talatin ya yi a ofishin tarho kafin ya yi ritaya ya koma limancin ƙaramin masallacin bayan kasuwar kifi, kuma an san shi da ruƙiyya marar hayaniya, ba duka, ba hayaƙi. Ya iso bayan sallar magariba, ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama, ya cire takalmi. Ya dubi kwanon da aka tara tsakuwoyi a ciki, ya dubi yarinyar da ke kwance, ya dubi kwamfutar da ke buɗe a kan tebur. Sannan ya zauna a ƙasa ya fara karatu a hankali.

Hasken bango ya mutu. Fito ya hau matakala, ya tsaya. Nirmin ta tashi zaune.

"Sarauniya, wane ne wannan tsohon? Baƙo muka yi?"

Shaihu bai ɗaga murya ba. "Da kai nake son magana. Wane ne kai?"

"Ramzi ne mana, ɗan gidan nan."

"Ramzi yana hannun Ubangijinsa. Wane ne kai?"

Ya ci gaba da karatu. Duwatsu uku suka faɗo a jere, ɗaya ya goge masa kafaɗa, bai ko motsa ba. Jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, Sitt Kausar ta toshe baki tana salati. Can sai muryar ta canza. Kaushin yana nan, amma wasan ya fita daga cikinta, ta zama ta wani abu tsoho da ya gaji.

"Bari, Shaihu, bari, yana ƙona ni. Ƙarininsa ne ni."

Kowa ya san ƙarini, aljanin nan da ake haɗa kowane ɗan Adam da shi tun ranar haihuwa. Amma sanin abu a bakin malamai daban, jin sa yana magana a falonka daban.

"Tare aka haife mu," in ji muryar. "Duk inda ya sa ƙafa ina bayansa. Na san abin da ya ci, abin da ya kalla, abin da ya so bai faɗa ba. Da ruwa ya rufe shi sai na rasa inda zan je. Na dawo gida na tarar da ko'ina a rufe, matar nan ba ta taɓa komai sai da bisimilla. Wuri ɗaya ne kawai ake kiran sunansa kamar yana raye. Na zauna a nan."

"Wa ya ba ka izinin shiga, har ka hau 'yar mutane?"

"Ita. Mu ba ma shiga sai an ce mana mu shigo, ka sani. Kullum akan tambaye ta, ina laɓe a bayan tambayar. Kullum takan ce, na karɓa, na gode. Da bakinta, Shaihu, wata biyar. Wanda aka karɓa a gida ai ya zama ɗan gida."

Ummu Ramzi ta dafe ƙirji. "Kahk ne fa, Maulana! Cewa aka yi kahk ne suke ba baƙo."

Shaihu ya cire tabarau ya goge, ya daɗe yana gogewa, sannan ya jawo kwamfutar gabansa.

"Hajiya, ba abin ci ba ne. Suna kawai ya yi kama. 'Yar takarda ce shafi yake rubutawa ya ajiye a cikin na'urarki, don in kin dawo ya gane ki. Wata don ya tuna wanda ya shiga da abin da ya sa a kwando, wannan ba ta da laifi. Wata kuwa don a bi ki daga shafi zuwa shafi ana lura da abin da idonki ya tsaya a kai, shi ya sa takalmin nan yake bin ki. Ba ɗanki ba ne yake aiko shi, masu talla ne. Kuma akwatin nan, dubi, ga ƙaramin rubutu a gefen koren. Wannan na ƙi ne, wannan na zaɓa ne. Ba ba ki ake yi ba, roƙonki ake yi, kuma wanda aka roƙa yana da ikon ya ce a'a."

"To yanzu yaya za a yi?" in ji Sitt Kausar.

"A goge su duka. A nan ya maƙale, in aka share ba shi da wurin riƙewa." Ya shiga wurin saiti, ya bi layi layi har ya kai inda aka rubuta a goge kukis da bayanan shafuka, ya tsaya. "Amma ba ni zan danna ba. Hannun da ya karɓa shi zai mayar. Kuma ba zan ɓoye miki ba, Hajiya, in kin danna, na'urar za ta manta shi. Ba sunansa, ba kwando. Kun san kalmar sirrinsa?"

Ba wanda ya sani. Wayar da za a aiko wa lambar shiga kuwa tana ƙarƙashin teku tare da mai ita.

"Hotunansa ai suna wayar yarinya," in ji Sitt Kausar a hankali. "Ba a rasa komai ba."

"Hoto ya san ya mutu, Kausar," in ji Ummu Ramzi. "Ke kin sani, liman ya sani, mai burodi ya sani. Wannan abar ce kaɗai a duniya ba ta sani ba."

Sai muryar ta koma ta Ramzi, sak, har da ɗan murmushin da ake ji a cikinta.

"Haba Sarauniya, ni za ki kora? To na rage. Ranar Alhamis kawai zan riƙa zuwa."

"Ko minti ɗaya," in ji Shaihu.

"Sau ɗaya a wata."

"Fita za ka yi, kuma ka rantse ba za ka dawo ba."

Idanun yarinyar suka juya, suka bar Shaihu, suka tsaya a kan uwar.

"Ina tare da shi a cikin ruwan, Mama. Ni kaɗai. Kafin ya nutse ya faɗi wata magana, kuma taki ce, ke ya ce a faɗa wa. Bar ni zuwa gobe da magariba, in faɗa miki, in tafi da kaina."

Wayyo. Wata bakwai matar nan tana kwana tana tashi da tambaya ɗaya, ko ya sha wahala, ko ya kira ta. Ga amsar a bakin 'yarta, taku biyu tsakaninsu.

"Gaskiya yake faɗa, Maulana?"

"Ban sani ba," in ji Shaihu, kuma idonsa ya kawo ruwa. "Yana iya sani, yana iya ƙirƙira. Abin da na sani, gobe ma zai ce gobe. Kama hannun 'yarki ki ji."

Ta kama. Sanyi ƙalau, jijiyar tana bugawa can ƙasa ƙasa, kamar ta ɗan tsako. Ta saki, ta koma gaban kwamfutar, ta ɗora yatsa a kan madannin. Ba ta danna ba.

Gidan ya yi tsit. Sitt Kausar ta buɗe baki, Shaihu ya ɗaga mata hannu. Daga titi ana jin mai keken doki yana wucewa, ƙarar kofato ta yi nisa har ta ɓace. Wata mata ta kira ɗanta daga taga sau uku. Yatsan yana nan inda yake. Muryar tana ta raɗa, Mama, Mama, gobe kawai, kuma numfashin yarinyar yana ƙara gajarta. Hawaye yana zuba a kan haruffan kwamfutar, ba ta share ba.

"Ramzi," ta ce daga ƙarshe, ba da abin da ke jikin 'yarta take ba, "ka yafe mini, ɗana. Ka riƙe maganarka sai na zo."

Ta danna.

Abin bai yi ihu ba, kamar yadda ake cewa suna yi. Kuka ya yi, siririn kuka mai tsinka zuciya. "Na rantse da Wanda ya halicce ni na fita. Amma ni ina zan je, Shaihu? Ni ma shi kaɗai gare ni."

"Ƙasar Allah tana da faɗi. Tafi."

Babban yatsan ƙafar Nirmin ya girgiza sau uku, ta yi atishawa, ta zube. Warin teku ya janye daga ɗakin a hankali, ya bi ta ƙarƙashin ƙofa. Aka ji ladan ya fara kiran isha'i.

Shaihu ya yi addu'a a ruwa ya shafa wa yarinyar a fuska, ya rufe kwamfutar, ya ce a ba ta abu mai ɗumi kaɗan kaɗan. Sitt Kausar ta kwashi kwanon duwatsu ta raka shi ƙasa. Aka bar uwa da 'ya.

Ummu Ramzi ta ɗora kan yarinyar a cinyarta tana shafa gashinta. Hannun ya fara ɗumi. Can Nirmin ta buɗe ido, nata idanun, ta daɗe tana kallon uwar.

"Sannu, 'yata. Ya wuce. Ba ki san abin da ya faru ba, kuma gara haka."

"Na sani, Mama." Muryarta ce, ƙarama, a dishe. "Kullum ina ji. Kamar ina cikin rijiya ne, ana magana a sama. Ina jin ki kina zuba masa shayi."

A mako ukun nan uwar ba ta taɓa tambayarta abin da take ji ba ko sau ɗaya. Hannunta ya tsaya cak a kan gashin.

"Yau ma na ji," in ji Nirmin. Ba faɗa a muryarta, ba zargi, kuma wannan ne ya fi ciwo. "Da Shaihu ya ce ki kama hannuna, na ji kin kama. Sai kika saki. Ina ta jira, Mama. Kin daɗe."

Ummu Ramzi ta nemi abin da za ta ce. Ta nemi ƙarya ko guda ɗaya mai kyau da za ta rufa wa yarinyar nan, ba ta samu ba. Ta sunkuya ta haɗa goshinta da na 'yarta, hawayensu suka gauraya.

"Na daɗe," ta ce.